Tokar Mirya da Tanderun Inna

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. Wanda ya kawo gyaran ƙofa shagona na walda a Unguwar Shanu sai ya ja benci ya ce in ba shi labarin Damagaram, a majalisarmu kuwa an riga an laƙaba mini Alhaji Toka, alhali ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Na gaji da farawa daga farko kullum, shi ya sa na ce bari in zauna in bayar da shi gaba ɗaya. Amma wanda ke jiran in yi masa bayanin yadda abin yake aiki, ya nemi Malam Nura. Ni dai na je, na gani, na dawo, kuma har yau akwai inda kaina bai kama ba.

Mahaifiyata, wadda kowa ke kira Inna Mai Gurasa, tun kafin in yi wayo take gasa gurasa a gidanmu na Unguwar Kanawa. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, ni da Yaya Hadiza, tanderun da ke binne a kusurwar tsakar gida shi ya ciyar da mu, shi ya sa ni a makaranta har na gudu da ƙafata na koma walda. Hannun Inna na dama, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, duk tabon bakin tanderu ne, sabo a kan tsoho. Bara aka raba gadon gidan, aka sayar, wanda ya saya ya rushe. Inna ta dawo wurina, gidan haya mai tsakar gida shafe da siminti. Mai gidan mutumin kirki ne, amma ya ce ba haƙa, ba gini.

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai ɗanta da ƙarfe yake kwana yake tashi. Na samo duron ƙarfe, na sayi randa na zura a ciki. Tsakanin randar da duron sai ga fili kamar faɗin tafin hannu a zagaye, mai walda kuwa ba ya ganin fili ya wuce. Na kwaɓa kankare mai kyau na cika shi, na jera rodi na ɗaure ciki da waje, na daɓe shi har sai da hannuna ya yi ciwo. Ranar gwaji ya ci itace kamar ba gobe. Jikin duron ya yi zafin da ba a iya tsayawa kusa, cikin kuwa kafin a liƙa zagaye na biyu ya huce, can sai muka ji ƙas, randa ta tsage. Na ce simintin ne ya yi kaɗan. Na sake wani, na ƙara siminti, na ƙara rodi, wannan ma ya riga na farkon tsagewa.

Sai in dawo daga shago in tarar da Inna a bakin ƙofar ɗaki tana shafa hannunta, tabon nan duk sun dushe, fatar ta yi sumul kamar ta wadda ba ta taɓa aiki ba. Yaya Hadiza kuma kullum tana kan waya daga Kano, wai maƙwabciyarta tana da tanderu har biyu, ɗaya zaune yake. Wata safiya ina ɗaura takalmi Inna ta ce, “Sabi'u, azumi ba zai same ni a zaune ba. In babu wuta a nan, zan bi Hadiza.” Ni ban taɓa kwana a garin da babu Inna ba sai da dalilin aiki. Na san kuma ba barazana take yi ba.

A ranar na kira Malam Nura, abokina tun firamare, wanda ke koyar da ilimin injuna a wata kwalejin fasaha yana zaune a Mando. Ya zo ya zagaya gawar tanderuna, ya ɗauki allin da nake shata ƙarfe da shi, ya zana da'ira a ƙasa, ya zana wata a bayanta, ya ƙara wata. Ya ce zafi tafiya yake yi daga ciki zuwa waje, dole ya ratsa yumɓu, ya ratsa abin da ke tsakiya, ya ratsa ƙarfe, kuma kowane abu da irin saurin da yake ba shi hanya. Ƙarfe ba ya tsayar da shi ko kaɗan, kankare ma ba wani kirki gare shi ba, rodin da na saka kuwa gada na gina wa zafi ya tsallake. Ya ce da toka na zuba da ya fi. Na dube shi na ce in wasa ya kawo shi ya tafi, ta yaya abin da ake sharewa a zubar zai fi siminti? Muna cikin haka wani direban tirela da nake yi wa gyaran bodi ya sa baki, ya ce shi da idonsa ya ga tanderu a cikin duro a Mirya, gaba da Damagaram kaɗan, wuta na ci a ciki mutum na jingine da shi yana shan shayi. Na ce to can zan je in ga sirrin. Malam Nura ya ce zai raka ni tunda suna hutu, don ya san in na tafi ni kaɗai da buhun siminti zan dawo.

Muka hau mota a Kawo da sassafe. Kusa da mu akwai wata mata mai kular abinci a cinya, ba mu kai Zariya ba Malam Nura ya ce ta ɗan ara masa. Ya ƙwanƙwasa jikin kular ya ce in saurara, tsakanin bangon ciki da na waje soso ne, soso kuwa iska ce aka raba ta ƙananan ɗakuna, toka ma haka take. Baiwar Allah ta ɗauka yunwa ce ta sa malami yake ƙwanƙwasa mata kula, ta buɗe ta zuba mana dambu a leda. Muka ci, don mayarwa rashin kunya ne. Ina ci na ce masa to in iska ce ke tare zafi, me ya sa ba za a bar wurin fayau ba, iskar ta yi yawa? Ya ce a'a, iskar da ke da wurin yawo ita da kanta take ɗaukar zafi ta kai waje, sai wadda aka tsare ce ke aiki. Wani dattijo a kujerar baya da muka ɗauka barci yake ya ce, to ita iskar laifin me ta yi da za a tsare ta? Mota ta ɗauki dariya, ni kuwa na ƙara rikicewa.

A Kano na ja hula na rufe rabin fuska har muka canja mota, don in wani ya gan ni ya kai wa Yaya Hadiza labari, a ranar za ta taho Kaduna ta kwashe Inna. Muka bi ta Kazaure, muka wuce Daura, muka isa iyaka rana ta take. A nan kowa yake sauka ya taka da ƙafa. Ma'aikacin da ya karɓi takarduna ya fara yi mini Faransanci, da ya ga na buɗe baki sai ya juya Hausa, Hausar da ta fi tawa tsabta. Ya tambaye ni abin da ya kawo ni ƙasarsu, na ce na zo ganin tanderu. Ya ɗago ya kalle ni, ya juya wajen Malam Nura ya tambaye shi ko tare muke, kuma ko lafiyata ƙalau. Malam Nura ya ce ƙalau nake, sai dai taurin kai. Mutumin ya buga hatimi yana girgiza kai ya ce Allah ya ba da sa'a.

Damagaram ta ba ni mamaki ta inda ban zata ba. Mun sauka a wani gidan baƙi kusa da tasha, ɗaki da tabarma da randar ruwa mai sanyi. Washegari bayan Azahar na fito neman duron saye, na tarar da shaguna a rufe, titi shiru, mutane kwance a inuwa. Na dawo da sauri na ce wa mai gidan baƙin wane babban mutum ne ya rasu. Ya ce babu wanda ya rasu, hutawa ake yi, ku a Najeriya ba kwa hutawa? Na tuna Unguwar Shanu da ƙarar janareto da injin niƙa tun asuba har dare. Burodinsu dogo ne kamar sanda, a hammata ake ɗauko shi, bayansa ya kusa cire mini haƙori. Shayi kuma a ɗan ƙaramin kofi ake ba ka, ɗaci kamar magani. Na kurɓe na yi godiya na miƙe, sai na ga fuskar mai gidan ta canja. Ashe zagaye uku ne, wanda ya tashi a na farko ya raina mai shayin. Na koma na zauna na ce ƙafata ce ta yi sanyi.

Da yamma aka buɗe shaguna muka sayi duron, muka kuma sayi tsire, Malam Nura ya tsinci yankan albasa ya ɗaga mini, zobe a cikin zobe. Ya ce in duba, zoben ciki ƙarami ne, na waje faffaɗa, don haka zafi yana fita yana samun ƙarin fili, kuma saboda haka tokar da ke manne da tukunya ta fi ta bakin duro aiki ko da kaurinsu ɗaya. Ya ce shi ya sa lissafin abu mai zagaye ya bambanta da na bango miƙaƙƙe, har ya fara ambaton wani abu wai shi log. Na ce ya ba ni in duba da kyau, na haɗa da tsoka na cinye.

Mirya gari ne na tukwane, duk inda ka waiga randuna ne a jere. Muka yi tambaya aka kai mu gidan Baba Isuhu, dattijo siriri mai hannaye kamar saiwar itace. A ƙofar gidansa wata mata tana gasa burodi a cikin duro, irin wanda direban nan ya faɗa. Na leƙa ciki, garwashi jajir, har gashin girata ya ji. Na kai bayan hannuna jikin duron a hankali, irin yadda nake taɓa ƙarfen da na gama waldawa, sai na ji ɗumi kawai. Na ɗora tafin hannu gaba ɗaya. Na rungume shi. Matar ta ja da baya da tirenta tana kallon Baba Isuhu.

Na ce, “Baba, don Allah me ke ciki?”

Ya kai ni wajen wani sabo da ba a kunna ba, ya ɗaga faifan ƙarfen da ke rufe tsakanin tukunya da duro. Toka ce. Na naɗe hannun riga na zura har gwiwa ina laluben abin da aka ɓoye a ƙasa, na juya nan na juya can, babu komai sai toka mai laushi. Malam Nura yana gefe ya harɗe hannu yana kallon sama.

Aka shimfiɗa tabarma aka ɗora shayi, wannan karon na zauna har na uku. Baba ya ce tukunyarsa ba randa ba ce, mai kauri ce, yumɓun da garin tsingaro da ƙaiƙayi ake kwaɓa shi. Da na ba shi labarin kankarena ya yi dariya har ya yi tari, ya ce tukunya in ta ji wuta kumbura take yi, ni kuwa na ɗaure ta tamau, ina za ta je in ba ta fashe ba? Malam Nura ya ce ai ya gaya mini wannan tun a shago. Na ce da Turanci ya faɗa. Daga nan su biyun suka kama gardama. Baba ya ce toka lallashin zafi take yi ya kwanta, don ita 'yar wuta ce, sun san juna. Malam Nura ya ce ba tokar ba ce, iskar da ke cikinta ce. Baba ya ce iska dai da ya sani hura wuta take yi, ba kwantar da ita ba. Malam Nura ya zana da'irorinsa a ƙasa, Baba ya gyara masa kaurin ta tsakiya da yatsa, Malam Nura ya ce daidai, Baba ya ce to ka gani. Har La'asar suna yi, kowa yana jin daɗi, ni ban san ma wa ke cin wani ba. Abu ɗaya suka haɗu a kansa, suka juyo tare suka ce mini kada in kuskura in danna tokar.

Baba ya so in ɗauki tukunya kawai in zuba toka a gida. Na ƙi. Na ce hannuna matsewa kawai ya iya, shi ya haɗa mini komai a nan in ɗauka a haɗe. Ya zaunar da tukunyar a duron da muka kawo, ya tankaɗe tokar kara yana zubawa kamar mai zuba gari a tukunyar tuwo, ya ɗora faifan ƙarfe a sake ba tare da ya ɗaure ba. Sannan ya jawo wani buhu cike da toka ya ce, “Hanya za ta ci wani abu daga ciki. In kun isa ka ɗaga faifan ka ƙara.” Na yi godiya. Amma da ya juya na kwantar da kai na bi duron nan da ido daga sama har gindi, na shafa kowane haɗi. Babu huda ko ta allura. Na ce a raina dattijo bai san duro ba, abin da babu huda ta ina zai zuba?

Dawowa ita ce wahala. Aka ɗaure duron a saman mota, aka tura buhun ƙarƙashin kujera. A iyaka ma'aikata suka ce a sauke, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma in na ga duro mai nauyi haka zan so in san cikinsa. Ɗaya ya ɗaga faifan ya zura siririn ƙarfe ya zagaya, ya fito da shi ya sunsuna. Ya buɗe buhun ya sake sunsunawa. Ya kira abokan aikinsa ya ce su zo su ga wanda ya shigo da toka daga ƙasar waje, ya tambaye ni ko ta Najeriya ta ƙare ne ba a sanar ba. Ina cikin wannan kunyar sai ga wani fasinja ya fito da farar shaddarsa ta koma ruwan toka daga gwiwa zuwa ƙasa, ashe buhun yana tsiyaya tun Damagaram, ga shi ranar Juma'a. Direba ya ce ko a bar buhu a nan ko a bar ni. Malam Nura yana can layin buga takarda. Na ɗauki buhun na jingine shi a gindin wata bishiya, na ce ai duron a cike yake, na gani da idona yanzun nan. Ban ga dalilin tayar da maganar ba da Malam Nura ya dawo.

Daga nan har Kaduna duk ramin da mota ta faɗa sai in ji faifan nan yana kaf-kaf a saman kaina. Wanda ba mai walda ba ba zai gane ba, amma ƙarfen da ke motsi a inda ya kamata ya zauna yana taɓa ni har cikin haƙori. Malam Nura ya sauka a Kawo ya nufi Mando, ya ce in jira shi kafin in yi komai. Ni kuwa ina sauke duron a shago na jawo inji na bi bakin faifan nan na walde shi zagaye, walda mai kyau wadda ko ruwa ba zai shiga ba. Ban ɗaga na leƙa ba, don ban ga abin leƙawa ba.

Na isa gida na tarar da Yaya Hadiza ta riga ni. Kayan Inna a ɗaure a tsakar ɗaki, an yi magana da direba zai zo gobe bayan La'asar. Yaya ta ce ta ji na je Nijar sayen shara, sannu da ƙoƙari. Na roƙi Inna ta gwada sau ɗaya tak. Ta dubi duron, ta zura hannu ta shafa cikin tukunyar, ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce wa matata Rabi ta auno fulawa. Muka kunna ƙaramar wuta a ciki don tukunyar ta saba, kamar yadda Baba ya ce.

Washegari da hantsi aka hura wuta sosai, ta faɗi ta zama garwashi. Inna ta jiƙa hannu ta fara liƙa kwaɓi daga ƙasa zuwa sama, hannun bai manta komai ba. Muka jira. Na ƙasa suka yi ja suka kumbura. Na sama kuwa suka tsaya fari fat, ɗaya ya saki ya faɗa cikin garwashi, wani ya bi shi. Inna ta tsaya tana kallon hayaƙin. Ta wanke hannu, ta rufe sauran kwaɓin da tsumma, ta shiga ɗaki ta zauna a gefen kayanta. Yaya Hadiza ma ba ta yi dariya ba. Ni kuwa na je har wata ƙasa na dawo, kuma ga Inna za ta tafi.

Na kira Malam Nura ya taho a kan acaɓa. Ya ɗora hannu a gindin duron, ɗumi. Ya yi sama da shi a hankali, yana wuce rabi ya fizge yana yarfewa. Ya ce zafi ta sama yake gudu, amma bai san dalili ba tunda Baba ya cika shi a gabanmu. Nan wani abu ya faɗo mini. In aka kawo mini tanki walda, ƙwanƙwasawa nake yi in ji inda mai ya tsaya. Na ɗauko sifana na buga ƙasa, ya amsa dum. Na buga sama, ya amsa ƙwal, kamar gwangwanin da babu komai.

Na ce, “Ta ina tokar ta fita? Babu huda fa.”

Malam Nura ya ce, “Ba fita ta yi ba, zama ta yi. Abin da aka hana ka yi da hannu, hanya ta yi maka da ramuka. Ɗaga faifan mu ƙara. Ina buhun?” Sai a lokacin idonsa ya kai kan waldata. Ya dube ta, ya dube ni, ya zauna a kan turmi ya dafe kai.

Na aika aka kawo injin yankan ƙarfe, na yanke waldar da na yi da hannuna a gaban kowa. Muka ɗaga faifan, ga rami a zagaye, hannu yana shiga har kusa da gwiwa kafin ya taɓa toka. Na ce wa Malam Nura to ga iskar da yake ta yabo, ta cika wurin, me ya sa ba ta yi aiki ba? Ya ce ya gaya mini tun kafin Zariya, kuma yau ba ranar darasi ba ce, in nemo toka.

Ashe toka ta yi wuya a Kaduna, rabin gidaje gas suke amfani da shi. Rabi ta yafa mayafi ta shiga gida-gida, ni na nufi gidan burodin bayan layinmu da baro. Mai ƙosai ta aiko da kwano, mai waina ta kawo da kanta don ta ga abin da ido, mai tsire ya ce in kwashe duka in ma share masa wurin. Kafin Azahar tsakar gidanmu ta cika da mata da rariya, kowa ya yi furu-furu, har Yaya Hadiza na gani tana tankaɗe tana mita. Mai gida ya leƙo ya daɗe yana kallon simintinsa, ya ce to wannan dai ba haƙa ba ne ba gini ba, ya koma.

Na fara zubawa a hankali. Da ta kusa cika sai na ga ta yi tudu a gefe guda, ban san lokacin da tafin hannuna ya sauka a kanta ba.

“Sabi'u, ɗauke hannunka.”

Inna ce a bakin ƙofa. Ta matso ta karɓi kwanon, ta ƙarasa zubawa da kanta, ta baje saman da gefen tsintsiya. Muka ɗora faifan a sake. Aka sake hura wuta, muka tsaya muna jiran ta faɗi, ana kiran La'asar, kwaɓin kuma ya tashi har ya ɗaga tsumma. Inna tana liƙa na ƙarshe muka ji hon ɗin direba a waje. Babu wanda ya motsa. Malam Nura ya kai hannu saman duron ya bar shi a nan, ya dube ni ya gyaɗa kai, amma ni ba hannunsa nake kallo ba, bakin tanderun nake kallo ina jiran in ji wani abu ya faɗa wuta.

Babu abin da ya faɗa. Ƙamshin da rabona da shi tun Unguwar Kanawa ya cika gidan. Inna ta fara ɓamɓarowa tana jefawa a faifai, na sama ja, na ƙasa ja. Ta gutsuri ɗaya ta tauna ta ce kwaɓin ya wuce, ya yi tsami. Da ta miƙa hannu ɗauko na can ƙasa sai damtsenta ya goga bakin tukunyar, ta ɗago da jan layi sabo a kan fatar nan mai sumul. Yaya Hadiza ta zabura ta ce Inna ta ƙone, a kawo ruwan sanyi. Inna ta ce a bari. Ta juya hannun tana duba wurin, ta daɗe tana dubawa, ni kuwa hawaye suka zubo mini a gaban matan unguwa, ban ma damu in goge ba.

Direba ya sake danna hon. Inna ta zuba gurasa a leda ta miƙa wa Yaya ta ce ta kai wa yara, ta gaishe da maƙwabciyar tata. Sannan ta juyo ta ce, “Sabi'u, kwance mini ƙullin can, tsummokaran aikina suna ciki. Gobe da asuba zan kwaɓa.”

To masu tambaya, abin da na gano a Nijar ke nan. Har yanzu in na zauna ina tunanin yadda iska kaɗan take tare zafi, iska mai yawa kuma ta sake shi, kaina juyawa yake yi, Malam Nura ya ce in bar shi haka. Faifan yana nan a sake, in Inna ta jingina tire a jikinsa sai ya yi kaf, in ji shi har cikin haƙorina. Ranar nan na tsaya ina kallonsa da injin walda a hannu zan fita aiki. Inna ko ɗagowa ba ta yi daga kwaɓinta ba, ta ce lambar direban Kano tana nan a wayar Rabi. Na saɓa injina na wuce shago.